Rigarsa a Ɗakin Wata

Mace tana iya yin kishi da gari? Ba da wata mace ba, da gari sukutum, da kwaltarsa da fitilunsa da ruwan da ke zuba a famfunansa? In kuma tana iyawa, wa za ta kai wa ƙara, me za ta ce an ƙwace mata?

Shekara guda Tela ta yi tana fama da irin wannan kishin, ba ta san sunan da za ta ba shi ba. Kogi ɗaya ne tsakanin garinsu da wancan, gada ɗaya, tafiyar minti goma a mota, amma ƙasa biyu ce. A nan wuta sai ta ga dama, ruwa sai an saya a jarka. A tsallake kuwa, in ji masu zuwa, ko fitilar titi ce ta mutu kafin yamma an sauya ta. Can saurayinta yake aiki, yana gyaran firji da na'urorin sanyi a wani babban asibiti, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Kullum da safe ya haye, da yamma ya dawo, bakinsa cike da "a can".

Ranar da ta gane garin yana da fuska, da la'asar ne. Ya kawo mata wandon aikinsa ta ɗinke masa aljihu, ya tsuguna yana duba fankar shagonta da ta daina juyawa. Tana zazzage wandon wani kati ya faɗo a kan keken ɗinki.

"Wace ce wannan?"

Bai ɗago ba. "Wace?"

"Kar ka mayar min da tambaya. Ga hotonka a sama, ga nata a ƙasa. An rubuta mai masauki. Kun yi kyau, kamar katin gayyatar biki."

Ya ajiye sukudireba a hankali, ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Telata..."

"Ban da Telata. Ka ce min gidan abokin aikinka ne adireshinka."

"Abokiyar aiki ce. Ita ke riƙe da kemis ɗin asibitin. Ki saurare ni. Doka ce a can, duk baƙon da zai yi aiki sai wani ɗan ƙasar ya sa hannu cewa a gidansa yake zaune. Ba kwana nake yi ba, ke shaida ce, kullum motar ƙarshe ta yamma nake biyowa. Ɗaki ne kawai da sunana."

"Ɗaki."

"Masu bincike suna zuwa ba sanarwa. Sai sun ga takalminka a bakin ƙofa, kayanka a rataye, kofinka, buroshinka. In babu, su karɓe katin."

Ta tuna shuɗiyar rigar da ta ɗinka masa, wadda ta yi kwana huɗu tana yi wa aikin wuya da hannu, ta kuma yi wata biyu tana jiran ta gan ta a jikinsa.

"Ina rigata?"

Ya mayar da idonsa kan fankar.

"Tana can ke nan. Tana rataye a gidan wata, tana yi maka shaida."

"Ita ce mafi kyau a kayana. Sai da kaya masu kyau suke yarda mutum na zaune a irin gidan."

"Me kake ba ta a kan ɗakin?"

"Ta ce in bar shi."

Tela ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Kyauta. Allah sarki, mutanen can har kirkinsu ya fi namu."

Ya jawo benci ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya.

"Akwai hanyar da ba sai da ita ba, na so in gaya miki tuntuni. Masu sana'ar hannu ba sa neman mai masauki. Teloli sun yi musu ƙaranci. Ki je da kekenki, su gwada ɗinkinki, su ba ki rumfa a kasuwa. Rumfar ce adireshinki. In mun yi aure sai in shiga ƙarƙashin katinki. Ki je da safe ki dawo da yamma, kamar ni. A can keken wuta za ki riƙa..."

"A can, a can, a can." Ta buga tafin hannu a kan teburin keken. "Wato in ɗauki keken da uwata ta bar min, in je in yi layi, wasu su duba ɗinkina su ce na cancanta? Ƙawata ta yi aure can, yanzu in ta zo gidanmu da robar ruwanta take zuwa, ba ta iya shan namu. Ka ji ni da kyau, Injiniya. Ƙafata ba za ta taka gadar nan ba."

"To shi ke nan," ya ce. "Ba zan sake roƙonki ba."

Ya ɗauki wandonsa da aljihun a yage ya fita.

Kwana biyar bayan haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Inna, mahaifiyar Injiniya, ce ta fara fitowa, tana dafe da ƙofa saboda ciwon suga ya taɓa mata ƙafafu. A bayanta wata doguwar mace ta fito, ta ɗan tattare bakin zanenta don kada ya taɓa ƙasa. Tela ba ta buƙaci a gabatar mata da ita ba. Fuskar nan ta hana ta sukuni kwana biyar.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Ga Hajiya Mai Kemis, allurata ta kawo min da kanta, ta ce sai ta ga telar da ake ta ba ta labari."

"Sannu, ƙanwata," in ji Mai Kemis, tana fifita da hannu. "Kai, kuna ƙoƙari. A cikin zafin nan kike wuni? Da ƙafa kike taka keken?"

"Da ƙafa, Hajiya. Ba ya jiran wuta."

"Gaskiya ne. Mu can mun sangarce." Ta buɗe jakarta ta ciro wani abu a ninke cikin leda. "Ɗan aiki na kawo miki. Na ba da wankin kayan ɗakinsa, sai na ga maɓallin wannan ya cire. Na ce ai mai ɗinkin ce za ta san irinsa."

Shuɗiyar rigar ce. An goge ta, an feshe ta da turaren da ba nasa ba.

Tela ta karɓa da hannu biyu. Ta zare allura, ta zaɓi maɓalli, ta soma ɗinki kanta a sunkuye.

"Na gaya wa Inna a hanya," Mai Kemis ta ci gaba, "katinsa saura mako uku ya ƙare, kuma sun tsananta. Yanzu masauki kawai ba ya isa ga ma'aikatan asibiti, sai iyali. Ni dai na ce in don takarda ce, a rubuta mu a ofis a matsayin miji da mata. Ba wani abu ba, sa hannu ne. Ya samu katin dindindin, Inna ta ci gaba da samun allurarta."

"Takarda ce fa kawai, 'yata," Inna ta ce, ba ta kalle ta ba. "Ke ce dai matarsa in Allah ya yarda. Amma ki duba. Can asibiti kyauta, makaranta kyauta. Nan ko firjin kemis ba ya wuni da sanyi."

"Shi ya ce yana so?"

"Kunyarki yake ji," in ji Mai Kemis. Ta ɗan matso, murmushin ya bar fuskarta, muryarta ta koma ta gaskiya. "Bari in faɗa miki wani abu, ƙanwata, ko ba za ki so ni ba. Hannun mutumin nan ya fi ƙarfin garin nan. Ke kina son ki gan shi a gefenki. Ni ina son in gan shi ya yi nisa. Ki tambayi kanki wanne ne so."

Tela ta ciji zaren ta yanke. Ta ninke rigar, ta ɗora a kan cinyarta, ta dafe.

"An gama, Hajiya."

"To miƙo."

"Mai ita zai zo ya karɓa."

Da yamma ya zo. Ko zama ba ta bari ya yi ba.

"Ka san da maganar auren takardar nan?"

"Na sani. Na ce mata a'a."

"Ka ce a'a, amma takalminka na ƙofarta. Ka ce a'a, amma ita ke wanke maka riga, ita ke kai uwarka yawo a mota." Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi. "Na gaji da raba ka da garin nan. Da can ban san da wa nake kishi ba, yanzu na sani. Ka zaɓa."

"Masoyiyata, kin san abin da kike nema kuwa? Aikina ne. Allurar Inna ce."

"Na sani."

"Kuma na nuna miki hanya ta uku."

"Ban ji ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ita ma ba ta kau da ido ba.

Washegari ya dawo tun rana na tsaka, da jakar leda a hannu. Ya zazzage ta a kan teburin yanka. Takalmi, kofi, buroshi, wando biyu.

"Na mayar musu da katin," ya ce. "Ga ni."

Ranar Tela ta yi ɗinki tana waƙa. Ta gaya wa kanta ta yi nasara, kuma gaskiya ne, ta yi. Abin da ba ta lissafa ba shi ne wanda ya yi nasara ma sai ya wayi gari ya zauna da abin da ya ci.

Injiniya ya kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfa, tsallaken titi daga shagonta, ya rubuta a jikin kwali cewa ana gyaran fanka da firji. Mutane suka kawo. Yana gyarawa cikin awa guda, amma ba ya iya cewa ya gyaru, don babu wutar da zai gwada. Sai mai kaya ya ce to a bari sai an kawo wuta. Fankoki suka taru a gefensa, shi da su duk suna jira. Daga kan kekenta tana hango shi ya sa yatsa yana juya fiffiken wata fanka, ya bar ta ta tsaya, ya sake juyawa.

Bai taɓa yi mata ƙorafi ba. Yana zuwa da yamma, ya zauna a benci, ya tambaye ta ya aiki. Kalmar "a can" ta fita daga bakinsa ƙaf. Abin mamaki, tare da ita labaransa suka fita, da dariyarsa, da yadda yake bayani da hannu biyu in yana ba ta labarin wata na'urar da ta gagari kowa shi ya shawo kanta. Ta samu mutumin duka, babu mai raba ta da shi, sai ta ga kamar rabinsa aka ba ta.

Yayanta, wanda shi ne a madadin mahaifinsu, ya kira ta tsakar gida wata safiya.

"Maganar aurenku a dakata."

"Yaya, kai ne fa ka ce ba za ka ba da ni ga wanda ke da ɗaki a gidan wata ba."

"Na faɗa. Yanzu kuma ina cewa ba zan ba da ke ga mai gadin fankoki ba. Da me zai riƙe ki?"

"Saboda ni ya bari."

"Shi ne abin da ya fi damuna," in ji Yaya. "Mutumin da ya bar aikinsa saboda ke, duk ranar da tukunya ba ta hau wuta ba fuskarki zai kalla. Ko bai faɗa ba."

A mako na uku ta daure ta je gaida Inna. Ta same ta a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, sun kumbura. A gefenta akwai ƙaramar kula, ƙanƙarar ciki ta narke ta zama ruwa. Inna na naɗe 'yar kwalbar allura a cikin jiƙaƙƙen tsumma tana yi mata fifita da murfin kwano, kamar mai jinyar jariri.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi. Allurar nan garin muka saya. Ina yi, amma kamar ruwa nake tsira wa kaina. Sun ce zafi ke kashe ta tun a shago."

Tela ta durƙusa, ta karɓi murfin ta ci gaba da fifitar. Ta jira zagi. Da an zage ta da ta ji sauƙi.

"Na yi miki laifi ranar nan," Inna ta ce can. "Bai kamata in kawo miki Mai Kemis har shago ba. Tsoro ne, 'yata. Wanda ke jiran allura kullum ba ya iya zaɓen hannun da zai miƙo masa." Ta gyara zaman ƙafarta tana cije leɓe. "Ita ma ba daɗi ne ya ishe ta ba. Gida ɗaki shida, ita kaɗai. Ta ce maƙwabcinta ya rasu sai da aka kwana uku kafin a sani. Nan ko tari na yi sai mutum biyar sun leƙo. Kowa da abin da ya rasa."

"Shi fa? Yana magana?"

"Wa? Ɗan nawa? Yana cin abinci, yana sallah, yana cewa lafiya lau. Ke kika san shi, ki gaya min in lafiya lau ɗin ce."

Tela ta koma shago ba ta buɗe ba. Ta zauna a ciki, ƙofa a saye, tana kallon keken. Tambayar Mai Kemis ta dawo mata, ta ji haushin cewa daga bakin nan ta fito. Matar ta yi makirci, ta so ta ɗauke shi da takarda, wannan babu shakka. Amma makirci bai hana tambayarta zama tambaya ba. Ta yi ta juya abin, ko akwai yadda za ta ci gaba da ƙin matar ba tare da ta ci gaba da ƙin gadar ba. Ta ga abubuwa biyu ne, ita ce ta ɗinke su wuri guda.

Da safe Injiniya yana jera fankokinsa ya ga inuwa a kan tebur.

"Ara min sukudireba."

Ya ɗago. "Me ya lalace?"

"Ka zo da kanka ma. Hannuna ba zai iya ba."

Ya bi ta shago. Ta riga ta cire bel ɗin keken, ta kwashe zare da almakashi da tef a jaka, ta ninke riguna uku da ta fi alfahari da ɗinkinsu.

"Kwance min kan daga teburin."

Ya tsaya da sukudireban a hannu.

"Telata, me kike yi?"

"Na tambaya, an ce ran Laraba suke gwajin teloli. Yau Laraba."

"Ban roƙe ki ba."

"Na sani. Da ka roƙa da ban je ba."

"In don Inna ce, zan nemi wata hanya. Ba na so wata rana ki kalle ni ki ce na raba ki da..."

"Don Inna ce. Don kai ne. Kuma don kada wata ta ƙara wanke maka riga." Ta juyar da kai. "Na yi magana da Yaya. Ya ce in sun ba ni rumfar ka turo manya a sa rana. In takardar aure suke so a can, sai mu kai musu ta gaske."

Ya tsuguna ya soma kwance ƙusoshin, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a tafin hannunta. A na huɗu hannunsa ya tsaya, ya goge ido da kafaɗa.

"Ƙura ce," ya ce.

"Ai na share shagon."

Ya yi dariya, irin wadda ta yi mako uku ba ta ji ba.

"In sun ce ɗinkina bai yi ba fa?" ta tambaya a hankali.

"To ba su da ido. Sai mu dawo, ki taya ni gadin fankoki."

A bakin gada suka karɓi takardar yini, suka shiga mota. Ya so ya riƙe kan keken, ta ƙi, ta ɗora shi a cinyarta ta rungume da hannu biyu. Direba ya tayar. Ta taga tana hango dogayen gine-ginen tsallake, farare, suna ƙyalli a rana. Ta harare su.

"Sharaɗi biyu," ta ce. "Da yamma gida za mu dawo. Kuma ruwan gidanmu zan ci gaba da sha."

"Na yarda."

"In mun bi ta gaban kemis ɗin nan kuma, ka kalli gabanka."

"Wannan na uku ne."

"Ka kalli gabanka, na ce."

"To, ranki ya daɗe."

Tayoyin motar suka hau ƙarfen gadar, ƙara ta cika musu kunne. Tela ta ƙara matse keken a ƙirjinta, ba ta waiwaya ba.